Fannami Bai Kai Damagaram Ba

"Mayar da shi ciki, Fannami," in ji Labaran. "Mun ƙoshi."

Ba su ƙoshi ba. Mazan unguwar suna zaune a ƙofar gida suna ciyayya, kowa ya fito da kwanonsa. Fannami ya ajiye nasa a gefen tabarma, ya zauna yana tari. Babu wanda ya sa hannu a ciki.

Haka ake yi tun da ya fito daga gidan kaso. Manomin tattasai ne da rikici ya koro daga Toumour, ya kama haya kusa da gidan Labaran a Diffa. Jandarmomi suka farke buhunansa a hanyar Mainé, suka sami ƙwayar tramol a ɗaya. Ya rantse buhun saƙo ne aka ba shi. Kotu ta ɗaure shi, ciwon ƙirji ya sa aka sako shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram.

Labaran ba mugu ba ne, amma ƙwaya ta cinye masa ɗa. Ya ce ba zai ci tuwon kuɗin ƙwaya ba, sauran suka bi shi. Ba su taɓa zagin Fannami ba. Abin da suka yi ya fi zagi ciwo.

"Tunda an sako ka, me kake nema a Damagaram?" wani ya tambaya.

"An sako jikina ne," in ji Fannami. "Ranar da suka wanke ni, Malam Labaran, kai za ka fara sa hannu, har ka nemi ƙari."

Aka yi 'yar dariya. Labaran bai yi ba.

Kafin ranar zaman kotu jikin ya kwantar da Fannami. Wata safiya matarsa Kaltum ta yi sallama daga bayan darnin Labaran.

"Malam, yana kiranka. Ba mu da kowa a garin nan."

Labaran ya same shi a kan tabarma, ya rame sai ido. Ga kunu a kofi, bai taɓa ba.

"Avoka, lauyan nawa, ya ce idan na mutu shari'a ta mutu," Fannami ya faɗa a hankali. "Ba a wanke ni ba kenan, ba a kuma ƙara ɗaure ni ba. Saura kai. Wallahi ban san abin da ke cikin buhun nan ba."

Labaran ya durƙusa kusa da shi. Ba shi da wata hujja da ta wuce ta jiya. Ya ɗauki kofin, ya kurɓa, sannan ya tallabo kan Fannami ya ba shi sauran.

"Ya yi sanyi," in ji Labaran. "Ya Kaltum, ɗuma mana wani."

Fannami ya cika kafin azahar.

Da aka dawo daga maƙabarta, mutane suka tsaya cirko-cirko, ba su san wa za su yi wa gaisuwa ba, don mamacin ba shi da ɗan'uwa namiji a Diffa. Labaran ya cire takalmansa, ya zauna a ƙofar gidan hayar, a wurin da dangi ke zama. Liman ya matso ya miƙa masa hannu. Sauran suka jeru a bayansa.