Rana Ta Yi Kyau a Gonar Orest

"Orest! Sauko ka ci abinci mana!"

Injin girbin yana tsaye a tsakiyar alkama yana ruri. Lorna, maƙwabciyarsa da ke kai masa abincin rana gona tun rasuwar matarsa, ta dire kular ta hau tsanin injin.

Yana kife a kan sitiyari, gumi sharkaf. Da ya ɗago, farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa.

"Wayyo ni! Tun yaushe kake haka?"

"Ba komai, Lorna. Iska ce a ciki. Sun ce bayan tiyata, kafaɗa takan ɗan yi ciwo."

A makon jiya aka cire masa matsarmama ta wasu ƴan huji a ciki, ya dawo yana nuna wa kowa yana dariya, wai ko kajinsa sun fi haka tsagar mutum. To, manoman yankinsu na Saskatchewan kuwa, ko ƙafa ta guntule "ba laifi" za su ce maka, balle rana ta yi kyau ga alkama a tsaye.

Ta ɗora hannu a cikinsa. Ya yi tauri kamar katako. Orest, da ko a jana'izar matarsa bai yi kuka ba, ya kurma ihu.

"Kada ki kira motar asibiti," ya ce yana haki. "Duk gari zai ji."

"Su ji ɗin, tsohon banza mai taurin kai!"

A asibitin birni aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikin. Likitar ta ja Lorna gefe.

"Ruwan matsarmama ne ke yoyo cikin cikinsa, har ya ruɓa. Bai faɗa wa kowa yana zazzaɓi ba?"

Wa zai faɗa wa? Tsoro ya kama Lorna.

Ana tura shi ɗakin tiyata ya kamo hannunta. "Lorna," ya ce a hankali, "da ciwo fa."

Washegari da hantsi ya cika. Nas ta miƙo mata kayansa a leda. Da ta zaro wandonsa za ta ninke, ƙwayoyin alkama suka zubo daga naɗin ƙafar wandon, suka watsu a daɓen asibitin. Ta durƙusa tana tsince su.