Farar Ƙofar Gidan Sanusi

A ranin da ya biyo bayan yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa a Aliero maganar sabuwar jiha yake yi, ban da Amatullahi. Ita abin da ya hana ta sukuni a cikin gidanta yake, kuma ba abin da za ta iya kai wa kowa ba ne. Idon mijinta, Malam Sanusi, shi ne ke dushewa a hankali.

Ba shi ya faɗa mata ba. Sanusi ne zai faɗi irin wannan? Mutumin da ko zazzaɓi ya kayar da shi sai ya ce hutawa yake yi. Da kanta ta gane. Ta ga yana miƙa hannu zai ɗauki moɗa, hannun ya wuce ta gefe. Ta ga in zai ware albasa, shi da yake hango ruɓaɓɓiya tun daga bakin rumbu, yanzu sai ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya ya latsa, ya kai hanci. A hanya kuma ya daina fara gaishe da mutane, sai an yi masa magana ya ji murya tukuna. Har wasu sun fara cewa albasa ta yi kuɗi, girman kai ya shigi Sanusi. Ta ji wannan ma, ya yi mata zafi.

Wata safiya maƙwabciyarsu Theresa ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce, ita da mijinta Gabriel, malamin makaranta, aiki ya kawo su garin, suka kama hayar gidan da ke hagu da na Sanusi. Ta gaishe da Amatullahi, ta zauna a kan turmi, ta yi ta juya mayafinta a hannu.

"Inna, wata magana ce, amma tsakanina da ke. Jiya bayan magariba Baba ya shigo gidanmu. Ya wuce zaure har tsakar gida, yana kiran sunanki. Da na amsa, sai ya tsaya. Ya ce Gabriel yake nema, ya juya."

Amatullahi ta matso kusa da ita. Ta ce, "Wa ya gani?"

"Ba kowa. Inna, na daɗe ina kallon idonsa. Ina zaton yanar ido ce, kuma ana cire ta a asibiti. Amma sai ya yarda an duba."

"Shi yarda? Ɗiyata, ba ki san wanga mutum ba. In na ce mai idonka, ya bar cin abincina ke nan."

Bayan Theresa ta tafi, Amatullahi ta yafa gyale ta fita ta tsaya a tsakiyar layi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta dubi gidajen. Magini ɗaya ya gina su tun zamanin iyaye, jar ƙasa ɗaya, zaure iri ɗaya, dakali iri ɗaya da damina ta gutsure wa baki. Ko mai ido biyu, in duhu ya fara, sai ya yi hankali. Sannan ta dubi gidan dama. Gidan Malam Waliyyu ne, mai matan kulle, mai bakin da ba ya ajiye magana, kuma shi da Sanusi tun suna samari suke gasa a kan komai, daga girman albasa har tsawon rawani. Allah ya rufa asiri ƙofar hagu Sanusi ya shiga. Ran da ya kuskure ya shiga ta dama, kafin isha'i duk Aliero ta ji, kuma daga ranar Sanusi ba zai sake fita shi kaɗai ba. Ta san shi sarai. Ɗaki zai shige ya zauna, baƙin ciki ya ƙarasa shi.

Da la'asar da ta kawo masa fura, sai ta ɓata rai da gangan.

"Malam, ni dai na gaji da ƙofar gidan ga. Kamar kango. Ko'ina ana gyara saboda sabuwar jiha, mu muna nan kamar waɗanda anka manta da su."

Ya ajiye ludayi. "Jihar taki ce? Gwamna zai sauka nan?"

"Ko bai sauka ba, ni ina sauka. Kuma ba irin gyaran da za a riƙa wahala kowace shekara nike so ba. Abin da in an yi, an gama."

"Tsufa ya zo miki da son ado."

"Awo, ya zo. Ka bar ni da shi."

Ta yi kwanaki tana wannan mita, da safe da yamma, har ya gaji ya ce ta yi abin da ta ga dama, amma kar a taɓa masa rumbun albasa. Abin da take jira ke nan. Ta aika wa ƙaninta Ɗahiru a Kuberi, can wajen Maiyama, inda tsakuwa take zube a tudu ba mai so. Ta sa aka kira Gambo magini.

Gambo ya zo da shawarwarinsa. Shi zane yake so ya yi a goshin zaure, da ja da kore da shuɗi, irin na wani gida da ya gani a Jega. Amatullahi ta ce a'a. Bango dai a yi masa yaɓe da makuba, wadda ruwa ba ya ci da wuri. Dakali a shafe shi da siminti, a goge gefensa ya yi sumul, kar ya kama rigar mutum ko ya ƙuje masa ƙwauri. Ƙofar zaure kuwa a zagaye ta da siminti mai faɗi, a shafa farin fenti, fari tas.

"Fari kaɗai, Inna? Ba ko ɗan ja?"

"Fari na ce, Gambo. Wanda za a hango daga masallaci."

Ɗahiru ya kawo tsakuwa a kan jakuna, aka baza ta daga bakin hanya har ƙofa, aka daddaɓe. Ba shara kullum, ba caɓi da damina, in ji Amatullahi ga duk wanda ya tambaya. A gefe biyu na tsakuwar ta sa aka kafa sandunan aguwa, shukar shinge wadda akuya ba ta ci, kuma ba ta son ban ruwa. Theresa ta zo da bokiti za ta taimaka, Amatullahi ta tare ta, ta ce in ta zuba musu ruwa ruɓewa za su yi, a bar su da Allah har ruwan sama ya sauka.

Sanusi kuwa bai bar ƙorafi ba. Tsakuwa tana sukar sa ta cikin takalmi. Warin fenti ya hana shi cin tuwo. Abokan hirarsa sun sa shi gaba, suna tambayar ko shi aka naɗa kwamishina ba su ji a rediyo ba. Ya dawo gida ya zazzage mata duk wannan, ita kuma ta ba shi haƙuri da baki, ranta fari ƙal. Don kullum bayan magariba tana tsayawa a cikin duhun zaure, ta ga ya taho daga masallaci a hankali, kansa a ɗage, ya nufi farin nan kai tsaye. Da ƙafarsa ta taka tsakuwa ta yi ƙara, sai ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ita kuma ta yi sauri ta koma ciki kamar ba ita ba.

Ruwa ya sauka, aguwa ta fitar da ganye. Gidan ya yi kyau, ba ƙarya. Mutanen ƙauyukan Alelu da Fagada masu wucewa kasuwa sukan rage tafiya su kalla. Dattawan layin suka dawo da hirar la'asar kan dakalin Sanusi, don ba ya ɓata riga. Amatullahi ta fara barci da kyau.

Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne Waliyyu. Yaushe Waliyyu zai zauna yana ji ana yabon ƙofar Sanusi? Wata safiya ta jiyo muryar Gambo a waje, ta leƙa, sai ga shi a kan tsani a ƙofar dama da gwangwanin farin fenti. Kafin sati ya zagayo, jakuna sun sauke tsakuwa a can ma. Waliyyu har ya aiko uwargidansa ta tambayi inda ake samun aguwa. Amatullahi ta faɗa mata, tana murmushin dole. Me za ta ce? Kar ku gyara gidanku? Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta kira wa Waliyyu sunaye a ranta waɗanda ba su dace da mai shekarunta ba, sannan ta yi istigfari.

Ranar da aka gama aikin Waliyyu, hadari ya haɗo da yamma, gari ya yi duhu da wuri. Aka idar da magariba, mutane suka watse da sauri don gudun ruwa. Amatullahi tana zaure, ta riƙe ƙyaure da hannu ɗaya.

Ga Sanusi nan tafe shi kaɗai. Ya zo daidai tsakiyar layi ya tsaya. Ƙofa fara a nan, ƙofa fara a can. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya yi kamar yana gyara hula. Ya sa hannu a aljihu kamar mai neman wani abu. Sannan ya ɗaga ƙafa ya nufi ta Waliyyu, tsakuwar can ta amsa masa kamar tasa.

In ta kira sunansa, ta tona shi, don akwai mutane a bakin masallaci. In ta yi shiru, ya shiga. Amatullahi ta buga ƙyauren da tafin hannu, ta ɗaga murya.

"Kai, wagga akuya! Fita min daga zaure, ja'ira mai baƙin ciki. Fita na ce."

Sanusi ya tsaya cak. Sai ya durƙusa ya taɓa tsakuwar Waliyyu kamar mai duba aiki, ya girgiza kai yadda na bakin masallaci za su gani, ya miƙe ya juyo wajen muryarta. Ya shigo zaure, ruwa ya fara sauka a bayansa.

Ba ta gudu ciki ba wannan karon. Shi ma bai wuce ba. Ya lalubi bango ya zauna a kan buzunsa, yana maida numfashi.

"Amatu."

"Na'am, Malam."

"Akuyarmu tana ɗaure a baya. Tun daga nan ina jin kukanta."

Ta zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, hawaye suka zubo mata, ta bar su tunda ba gani zai yi ba.

Ya ce, "Tun yaushe kinka sani?"

"Tun kafin a cire albasar bara."

"Kinka yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba. "Ran da kinka ce wa Gambo fari kaɗai, ina bayan katanga. Na ce wagga mata ta gama da ni. Na so in yi miki faɗa, na rasa ta inda zan fara, sai na kama faɗan tsakuwa." Ruwa yana ta zuba ta indararo. "Tsoro nike ji, Amatu. Idon dama ya tafi. Na hagu haske da duhu kaɗai ya rage mai."

Tunda aka kawo ta gidan nan tana yarinya, ba ta taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Ta matso ta zauna kusa da shi, kafaɗarta ta taɓa tasa.

"Theresa ta ce tana zaton yanar ido ce. Ta ce ana cirewa, ta ga waɗanda anka yi wa suna karatu."

"Ita ma ta sani ke nan."

"Gidanta fa ka shiga, Malam."

Wannan karon dariyar ta fito da gaske, har ya yi tari. Ya ce lallai yarinyar nan 'yar halak ce, wata da watanni tana gaishe shi a hanya ba ta taɓa nuna masa komai ba. Sannan ya tambaya ko yankawa ake yi, ko da zafi, ko mutum yana kwana can. Amatullahi ta ce ba ta sani ba, Theresa za a tambaya. Ya ce to a tambaye ta, amma a zaure, shi da ita da Gabriel, kuma in za a tafi a ce wa Waliyyu kasuwar Jega za su.

"Da ni za a je," in ji Amatullahi.

"Da wa za a je in ba ke ba?"

Ta tashi za ta kawo tuwo kafin ya huce. Har ta kai ƙofar ciki ya sake kiranta.

"Amatu, ganyen aguwar nan, wai ya fito?"

"Ya fito, ya yi kore shar."

"To. Mutane sun dame ni da yabon ƙofar gidana, ni ko amsawa kawai nike yi. In Allah ya sa an buɗe idon nan, kar a shigo da ni ciki. Ki tsayar da ni a bakin hanya tukuna, in ga abin da kinka yi."