Laka a Akurkin Rahamatu

Sai da Rahamatu ta sa hannu biyu sannan ta zaro kazar daga cikin laka, kamar mai cirar rogo. Wake-waken nan ce, uwar garke, wadda ta fi kowace ƙwai. Ƙafafunta sun yi dunƙulen taɓo, ƙirjinta ya jiƙe sharkaf, ko kuka ba ta yi ba. Sauran kajin sun takure a kan wani fasasshen turmi a kusurwar akurki suna ture juna, gabas kuwa ta sake haɗo hadari.

Kajin nan ba na sayarwa ba ne. Na Rauda ne, ɗiyarta ta fari da ke aure a Kusada, wadda cikinta ya tsufa, za ta zo gida Kankiya haihuwa da wanka. A wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin ƙwai da nama. Rahamatu ba ta taɓa kiran sunan yarinyar da bakinta ba saboda alkunyar ɗan fari, "ta Kusada" take cewa, ko a waya gaisuwarsu ba ta wuce ya jiki, da sauƙi. Duk abin da baki ya kasa faɗi tun yarinyar tana goye, shi ta tara a bayan ɗaki, a cikin wannan shinge na waya da kara. So take mai jego ta sha romo har ta yi arba'in, ta koma Kusada da kumatu.

To, ga marka ta kama, akurki ya zama kududdufi.

Toka ta fara zubawa, don ita ce a kusa. Ta kwashe ta murhu kaf, ta roƙo ta maƙwabta, ta barbaɗe wurin ya yi fari tas. Yini guda abin ya yi kyau. Da ruwa ya sauka sai tokar ta jiƙa ta zama ruwan toka, ta cinye tafin kajin, suka koma tafiya suna ɗingishi. Ta koma kan ƙaiƙayi, buhu bayan buhu. Shi kuma ya sha ruwa ya kumbura, ya ruɓe, ya tashi da wani wari da ke korar mutum daga sallar walha. Sai ta ɗauki fartanya ta ja 'yar hanya daga tsakiyar akurki zuwa rariyar da ke gindin katanga. Ta ja, ta gyara, ta sake ja. Ruwan ya tsaya yana kallonta.

Tana duƙe ta ji an yi gyaran murya ta saman katanga. Inna Tani ce, tsohuwar maƙwabciyarta, ta taka bulo ta leƙo.

"Rahamu, kiwon agwagi kika koma ba ki gaya mani ba? Ko kifi za ki zuba?"

Rahamatu ta ce ita dai ta rasa mi ke damun ruwan nan, ga hanya ta yi masa ya ƙi bi. Tsohuwar ta kanne ido ta dubi rariya, ta dubi ƙasan akurki, ta daina dariya.

"Ɗiyar nan, yaushe kika ga ruwa ya hau tudu? Rariyarki na sama, ruwanki na ƙasa. Dubi dirkar can."

Rahamatu ta duba. A jikin dirkar da ke riƙe da rufin akurkin akwai zobe baƙi, inda ƙasa take a dā. Yanzu daga zoben zuwa laka ya fi taƙi guda na hannu. Ta san inda ƙasar ta tafi. Ita ma ta riƙe bakin buhu aka zuba ta.

Kowace bazara mijinta, Malam Kamilu, yakan share kashin kaji ya kai gonarsa ta Kunduru. Haka kowa ke yi. Amma tun da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai ya bar tsintsiya ya koma shebur. Ya ce ƙasar da ke ƙarƙashi ma ta sha taki, asara ce a bar ta. Bara ya kankare, bana ya ƙara zurfi. A hankali ya mayar da akurkin kwano, duk ruwan indararon gidan nan yake gangarowa ya kwanta.

Da ya dawo daga gona da la'asar, ta ajiye masa ruwa, ta bari ya sha, sannan ta kai shi bayan ɗaki ta nuna masa zoben. Ya daɗe yana kallo. Bai yi musu ba, kuma da ya yi da ta fi jin sauƙi.

"Na gani," in ji shi. "To, mi kike so in yi? In je in kwaso ta daga gindin masara?"

"Malam, yarinyar nan na tafe."

"Na sani. Tuwon da za ta ci fa, daga ina zai fito? Da kin ga inda na zuba ƙasar nan, masara ta yi baƙi ƙirin. Inda ban zuba ba, ko akuya ba ta tsayawa."

Ya ce ta yi haƙuri har kaka, in an yi girbi zai cike wurin. Ta juya ta koma madafi. Ciki ba ya jiran kaka.

Washegari ta ba Inna Tani zakaranta da sagara biyu masu ƙoshi aka kai kasuwa, aka yi cinikin amalanken burji da kuɗin. Ta ce a ranta, gara a rage garke a tsira da saura. Mai amalanke ya zo bakin lungu, shanunsa suka ga caɓin da ke ciki suka turje. Ya yi tsaki, ya juye burjin a bakin titi ya yi tafiyarsa. Ita da tsohuwa suka shiga jida da daro, suna zamewa, suna tashi. Ba su kai rabi ba sama ta tsage. Suna tsaye a zaure suna kallo, jan ruwa ya kwashi sauran ya bi kwata da shi. Wanda suka riga suka zuba kuwa, laka ta haɗiye shi kamar an jefa gishiri a miya.

Sai ciwo ya shigo.

Wata farar kaza ce ta fara. Ta saki fukafukai har ƙasa, ta lumshe ido, ta ƙi tsaki, kashinta da jini. Rahamatu ta kwashe kajin duka ta kai madafi, ta kife su da kwanduna kusa da murhu, ta koma girki a zaure. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci da barkono. Malam Kamilu ya je shagon maganin dabbobi ya karɓo wani gari mai ruwan ɗorawa, mai shagon ya ce ciwon daga jiƙaƙƙiyar ƙasa suka ɗauko shi, kuma in ya riga ya ci hanji sai abin da Allah ya yi. Kullum da safe ta ɗaga kwando sai ta sami wadda ta sandare. Waɗanda aka riska da sauran numfashi, Malam ya sa musu wuƙa, amma ba komai a jikinsu sai ƙashi da gashi. Inna Tani ta daina leƙowa ta katanga, sai dai ta zagayo ta ƙofa ta zauna kusa da ita.

Rauda ta yi waya. Rahamatu ta ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Sai yarinyar ta yi 'yar dariya ta ce, "Inna, an ce kin tara mani kaji har sun fi na gidan gona." Rahamatu ta ce wa ke wannan surutu, ta miƙa wa Malam wayar, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado.

Ranar da aka kawo Rauda, ana yayyafi. Mijinta ya sauke ta daga mota a bakin titi, daidai inda jan tabon burji yake har yanzu. Ta shigo a hankali tana dafa bango. Rahamatu ta saci kallonta sau ɗaya: leɓe fari, ƙafa a kumbure, wuya ya yi tsawo. Ta sunkuyar da kai ta ce a shiga da kayan ta Kusada ɗaki.

Wake-wake kaɗai ta rage a madafi, ita ma tun jiya ta saki fiffike. Rahamatu ta so ta kai ta ranar haihuwa, ko romo ɗaya a samu. Ta ɗaga ta, ta ji ba nauyi, kai yana lilo. Ta kira Malam ya zo da wuƙa maza. Aka yi farfesu a 'yar ƙaramar tukunya, ta cika shi da ruwa da yaji don ya yi auki. Rauda ta sha, ta tsotse ƙashi, ta ce rabon da ta ji daɗin abu haka tun azumi. Sannan ta tambaya ko sauran suna bayan ɗaki, tana so ta gan su.

"Laka gare shi," in ji Rahamatu. "Kada ki zame."

Da gari ya waye ruwa ya ɗan tsagaita. Tana hura wuta ta ji ƙarar shebur a bayan ɗaki. Ta zagaya. Malam Kamilu ne a cikin akurkin da ba kowa, wando naɗe har gwiwa, yana yankar baƙar lakar nan mai wari, wadda ta haɗa toka da ruɓaɓɓen ƙaiƙayi da kashin kajin da suka mutu, yana zubawa a buhu. Ya ga inuwarta bai ɗago ba. Ya ce dawar ƙasan gona ta yi ja, in ba ta samu wani abu a satin nan ba, ba za ta fitar da kai ba, ga bakin ci ya ƙaru a gida.

Rahamatu ta dubi dirka. Zoben ya ƙara yin sama. Daga cikin ɗaki ta jiyo Rauda tana nishi tana gyara kwanciya.

Buhun yana ta kifewa, ya kasa riƙe shi da hannu ɗaya. Ta tuɓe takalmanta a bakin shinge, ta shiga lakar har idon sawu, ta buɗe masa bakin buhun.