Azumin Inna Ajuma

Inna Ajuma ta fara azumi a watan da ba na azumi ba. Maƙwabciyarmu ce a Gaya. Ita Musulma, ni Kirista, amma tun ina ƙarama a ɗakinta nake yini. Da tsufa ya taɓa mata hankali, ta fara manta sunana, ta manta hanyar makewayi. Wata safiya ta tashi ta ce an ga wata. Tun daga ranar, kullum azumi ne a wurinta, ga shi ana tsakiyar zafi.

Ɗanta Siddo direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kullum yana hanyar Kotonu. Ni ke yi mata wanka, ni ke wanke zannuwan da ta ɓata. Da hantsi nakan kai mata fura.

"Inna, ki sha."

"Ke ƴar nan, don ku ba ku yi sai ki hana ni? Ɗauke."

Leɓenta ya tsattsage. In ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Likita ya ce in ba ta shan ruwa da rana, ba za ta kai damina ba. Malamin unguwa ya zo ya yi mata bayani, ta gaishe shi da ladabi, yana fita ta manta.

Siddo ya kira ni a waya. "Rifkatu, ki rufe taga ki ce mata an kira magariba mana. Mene ne a ciki?"

Na kasa. Ni kaɗai ce har yanzu take yarda da maganata. In na ce wannan ɗanki ne, sai ta bar shi ya shigo. Ran Lahadi na zauna a bencin baya na majami'a, ana waƙa ina cewa, Yesu, na gaji, ka nuna mini yadda zan yi. Ban ji komai ba. Barci ma ya ɗauke ni.

Wata rana na dawo daga famfo na tarar ba ta nan. Na zagaya unguwa, na je bakin kogi, ƙafata duk ta yi ƙuna. Can na gan ta a tashar manyan motoci, zaune a inuwar wata kamiyo, da ƙunshin zane a cinya.

"Inna, ina za ki?"

"Paraku mana, saro doya. Ina ruwa? Ke wace irin ƴar rakiya ce?"

"Ba azumi kike ba?"

"Ji sakarya. Matafiyi na azumi ne? In na dawo na rama."

Na yi maza na sayo ruwan leda. Ta sha, ta ƙara sha, ruwan na bin haɓarta. Ta ci ƙosai ma, ta ce mai suyar ba ta iya ba.

Yanzu kullum kafin azahar nakan ɗaura mata ƙunshin, in riƙe hannunta mu taka zuwa tasha. Tafiyar na da tsawo ga mai irin ƙafarta. Ba na cewa Paraku za mu, ita ke faɗa. Na tambayi Fasto ko wannan ma ƙarya ce. Shi dai sai ya ce matarsa za ta riƙa karɓata ran Alhamis in huta.

Direbobi sun saba da mu.

"Hajiya, yau ma motar ta tashi ta bar ki?"

"Ai irinku ne direbobin, sai surutu."

Su yi dariya, wani ya miƙo mata shayi. Ni dai nakan sunkuyar da kai, in jingina da taya, bayana na ciwo.

Da la'asar mu juyo a hankali. A bakin ƙofa takan tsaya ta dubi katangar kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Mun iso?"

"Mun iso gida, Inna."