Ashirin da Biyu a Kan Ashirin da Ɗaya

Soket ɗin ɗaure noti ya sake zamewa. Bayan hannun Kalilu ya daki ƙarfen taya, fata ta ɗaye. Ya tsotse jinin ya tofar, ya ɗago soket ɗin ya dubi lambar jikinsa kamar zai ga ta canza. Ashirin da biyu. Notunan tayar bas ɗin kuwa ashirin da ɗaya ne.

Tazarar ba ta fi kaurin farce ba. Amma a nan ƙarfe ke kama ƙarfe, ko ya ƙi.

Nasa ashirin da ɗayan ya tsage ɗazu, yana kwance tayar baya don gyaran birki. Yanzu ya mayar da ita, ɗaurewa ta gagara. Ya zaga tashar Daura kaf. Bakanike ɗaya ya tafi da kayansa janyo mota a hanyar Dutsi, soket ɗin ɗayan kuma bakinsa ya buɗe, ya fi ashirin da biyun lalacewa.

Inuwa ta rufe shi. Baffa Mati ne, ƙanin mahaifinsa, direban motar.

"Har yanzu? Noti ne fa, ba injin jirgi ba."

"Baffa, ba ya kamawa. In na matsa sai ya cinye kan notin."

"To lallaɓa shi."

"Ba ya lallaɓuwa."

"Kai, yaro! Motar nan kafin a yaye ka nake lallaɓa irinta. Layina ne yanzu. In ya wuce ni sai gobe, ka sani."

Kalilu ya sani. Ya ciro waya ya kira Cosmas, mai shagon kayan mota da ke bakin tasha. Ta daɗe tana ƙara. Da aka ɗauka, sai ganga da waƙa suka cika masa kunne. Sai a lokacin ya tuna yau Lahadi.

"Kalilu, ina coci! Lafiya?"

"Oga Cosmas, ashirin da ɗaya nake so. Mai kusurwa shida."

"Akwai, mai kyau ma. Sai bayan azahar zan buɗe. Me kake da shi yanzu?"

"Ashirin da biyu."

"A kan taya? Kar ka yi, ɗan'uwana. Ka jira ni."

Baffa Mati ya ji. Ya yi tsaki, ya ɗauko gwangwanin madara daga teburin mai shayi, ya jefo gaban Kalilu.

"Yanka wannan ka cusa a ciki. Haka kowa ke yi. Ko sai Cosmas ya gama addu'a za mu ci abinci?"

* * *

Ya yanka gwangwanin. Ya naɗa shi a kan noti, ya buga soket ɗin da guduma har ya shiga. Na farko ya ɗauru. Na biyu ma, da ƙyar. Daga nan gwangwanin ya riƙa murjewa, hannun soket ɗin na juyawa salin alin, ba nauyi. Ya san wannan sauƙin. Noti ne zaune a wurinsa, ga ido lafiya lau, amma bai riƙe komai ba.

Ya tuna hanyar Kano, da ramukan da ke kan ta. Ya ɗaga kai. 'Yan lodi sun riga sun ɗora buhunan gero a baya, suna jan igiya. Motar ta durƙusa daidai kan tayar.

"Baffa, rabinsu ba su ɗauru ba."

"Rabinsu sun ɗauru ke nan. Sauke jak."

"Wallahi in ta yi zafi a hanya..."

Baffa Mati ya sunkuyo, ya rage murya saboda fasinja. "Ka rufe min baki. Rai a hannunka yake? In na isa Kano zan sa a ƙara ɗaurewa. Kar ka kore min mutane."

Kalilu ya sauke jak. Tayar ta taka ƙasa, ta zauna daram, kamar kowace taya.

Yana tattara kaya ya ji muryar da ya sani a saman kansa.

"Sannu da aiki, Kalilu."

Iya ce, mahaifiyarsa, ta leƙo ta taga. Da ma ta ce gobe za ta je Kano duba Madina, ƙanwarsa da ta haihu. Ashe Baffa Mati ya aika mata ta zo yau, ya ajiye mata kujera. Kujerar tana bisa tayar. Ƙullin daddawa da kuka na kan cinyarta.

Kalilu ya miƙe tsaye. Ya dubi sauran. Wani dattijo yana jan carbi. 'Yan mata biyu suna dariya a kan waya ɗaya. In ya ɗaga murya, kowa zai ji. Baffa Mati kuma shi ya riƙe gidansu tun rasuwar mahaifinsa, shi ya samo masa wannan gurbin a tasha.

Ya zagaya, ya ja ƙofa, ya ɗauke ƙullin daga cinyarta.

"Iya, sauko."

"Lafiya?"

"Ki bari sai gobe. Ni zan kai ki."

"Kai da ba ka da mota?"

"Don Allah ki sauko, Iya."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa mai jini. Ta gyara mayafi ta sauko a hankali.

Baffa Mati na kallon su daga bakin sitiyari. "Yaya, ya haka?"

"Na yi mantuwa a gida, Mati," in ji ta.

Idonsa ya haɗu da na Kalilu. Baffa Mati ne ya fara kawar da kai. Ya buga jikin motar, ɗan kamasho ya kwarara ihu: "Kano mutum ɗaya! Kano mutum ɗaya!"

* * *

Wata mata ta taho da gudu daga bakin titi, goye da jariri, takalminta ɗaya a hannu. Ta shige, ta zauna a kujerar, tana haki. Ta kwance goyon ta ɗora shi a cinya, sannan ta leƙo ta taga.

"Hajiya, ke kika sauka? Na gode wallahi. Tun safe nake neman mota."

Iya ta dubi Kalilu. Kalilu yana duban ƙasa.

"Allah ya kai ku lafiya," in ji Iya.

"Amin, amin," matar ta ce, tana gyara wa jaririn hula.