Ranar da Aka Sallami Direban Firintata

Jiya bayan azahar barci ya kwashe ni a kan kujerar shago, na yi wani mafarki. Shagon buga takardu gare ni a bakin kasuwa, kwamfuta ɗaya da tsohuwar firinta ɗaya. A cikin kwamfutar akwai ɗan shirin da ke sa firinta ta ji maganarta, mu masu sana'ar muna ce masa direba. Kwanan nan ake ta cewa an sauya yadda ake sabunta shi. A da kai za ka nemo ka saka, yanzu wai da kansa zai zo.

A mafarkin, Malama Hurera, shugabar firamaren unguwarmu, ta kawo min tambayoyin jarrabawar 'yan aji shida. Ta ce yara ɗari da arba'in suna zaune tun safe, kowa da fensirinsa, takarda kawai suke jira. Na danna a buga. Firinta ta yi tari, murfinta ya buɗe, wani dattijo da bai fi tsawon yatsa ba ya fito yana goge tawada da bakin rigarsa.

"An ce in dakata," in ji shi. "Lasisina ya ƙare."

"Baba, kai ne direban?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da wa kake zato?"

Na sa shi a aljihu, na ɗaura wa firintar igiya, ta biyo ni da ƙafa. A waje ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, kowa ya kifa lemarsa yana kare gwiwoyi. Malama Hurera ta ce mu ɗaga ƙafa.

Sai ga mu a Ofishin Sabunta Direbobi. Awaki ne ma'aikatan. A layi akwai wata mata riƙe da sifika wadda muryarta ta ɗauke tun ranar Talata, da wani mutum da allon kwamfutarsa ya koma shuɗi, har fuskarsa ta kama launin. Da layi ya zo kanmu, na miƙa wa wani bunsuru mai tabarau faifan da ya zo a kwalin firintar. Ya sunsuna, ya tauna, ya haɗiye.

"Mun daina karɓar wannan, Malam Sabi'u," in ji shi. "Yanzu ba mai na'ura ke neman direba ba. Mu ke aikowa, kuma sai mai hatiminmu."

"Ranka ya daɗe, wannan bai taɓa ɓata min aiki ba."

"Shi ya sa muka manta da shi."

Ya buga ƙararrawa. Wani dogon mutum ya shigo da farar riga, makullai dubu a ɗamararsa. Aka ce shi ne sabon direba, shi kaɗai ke tuƙa duk firintocin duniya. Dattijon ya leƙo daga aljihuna ya ce masa, "Ɗana, wannan tana da ciwo a gefen hagu. Duk bayan takarda ashirin sai ka bar ta ta numfasa."

"Firinta duk ɗaya ce," in ji dogon.

Bunsurun ya turo min maɓalli biyu, ɗaya an rubuta Yanzu, ɗaya Sai Anjima. Na danna Sai Anjima.

"Anjima ta wuce tun shekaranjiya," in ji shi. "Mun sabunta lokacin da ka fita alwala."

Sai na gan mu a aji. Yaran sun daɗe suna jira, wasu har sun fara gemu. Dogon ya shige cikin firintar, takardu suka yi ta fitowa da sauri, amsoshi ne zalla babu tambaya ko ɗaya. A ta ashirin da ɗaya firintar ta sarƙe, ta kwanta a gefen hagu. Malama Hurera ba ta yi faɗa ba. Ta dubi agogo ta ce in aka tashi ba su rubuta ba, duk ajin sai sun maimaita shekara.

Na koma ofishin na durƙusa. Bunsurun ya ce akwai hanyar dawo da tsohon, amma sai in tafi da baya da baya har makaranta, kuma sau ɗaya ake yarda. Haka na tafi, ina karo da masu talla ina ba da haƙuri. Da na isa, dogon ya fito daga firintar, dattijon ya shiga. Ya shafa mata gefen hagu, ta miƙe. Ashirin, hutu. Ashirin, hutu. Yara suka fara rubutu tun takardun da ɗuminsu.

A takarda ta ɗari da talatin da tara wata mota ta tsaya a ƙofar aji, cike da tsofaffin direbobi, kowa da ƙunshin kayansa a cinya. Wata akuya ta leƙo ta taga ta ce lokaci ya yi. Saura yarinya ɗaya ba ta samu takarda ba. Malama Hurera ta zauna kusa da ita ta fara kwafe mata tambayoyin da biro.

Dattijon ya wanke hannu, ya hau motar. Ya ce in riƙa rufe firintar da ƙyalle idan zan tashi. Motar ta fara tafiya kafin na tuna ban taɓa tambayar sunansa ba. Na bi ta da gudu ina kira, "Baba, yaya sunanka?" Ya juyo, ya buɗe baki zai faɗa.

Daidai nan maƙwabciyata ta tayar da injin markaɗe, na farka.