Kunnen Saniyar Kawu Sada

Ranar Juma'a da hantsi Kawu Sada ya faɗo gidanmu a Daura, ko takalmi bai cire ba. Saniyarsa guda tilo ta ɓata daga Zango tun jiya. Jibi Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci, in aka haye da ita Nijar ta iyakar Kwangwalam, shi ke nan, ya yi sallama da ita.

"Fadila, ina abin cigiyar nan naki na waya?"

Na tausaya masa, amma wallahi har da daɗi na ji. Wata huɗu ina haɗa manhajar cigiyar dabbobi da Cordova, tsohon tsarin nan da ake rubuta shafin intanet a mayar da shi manhajar waya. 'Yan ajinmu har da riƙe ciki don dariya, wai na tono gawa. Oho musu! Ni na san wayoyin dillalan shanunmu: wasu da roba ake ɗaure su, shugabansu kuwa iPhone ya riƙe. Rubutu ɗaya nake yi ya hau duka. Dillalai goma sha biyu sun bari na sa musu, sai dai ba wanda ya taɓa buɗewa.

"Kawu, kawo hotonta."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Hoto? Amarya ce? Wa ke ɗaukar saniya hoto?"

Kunya ta rufe ni. Gaba ɗaya a kan hoto na gina abin, ni da aka yaye da nonon shanu!

"To, yaya kuke gane naku?"

"Ta kunne mana! Tsaga biyu a ƙasan na dama, yanka ɗaya a bakin na hagu. Shaidar gidanmu ke nan tun kaka da kakanni."

Zumbur na miƙe na jawo kwamfuta. Na cire wajen hoto, na zana kunnuwa biyu manya-manya, duk inda yatsa ya taɓa sai jan layi ya fito. Kafin la'asar na gama. Kawu da kansa ya dangwala tsagunsa, yana lasar leɓe kamar mai zura zare a allura. Na tura wa dillalan nan duka.

Asabar shiru. Na yi ta zagaye tsakar gida har Inna ta kore ni.

Lahadi da safe wayata ta yi ƙara. Nagoggo ne, wani tsohon dillali ɗan Kwangwalam, mai wayar da ta fi ta kowa tsufa, yana kira daga kasuwar Mai'aduwa.

"'Yar nan, ga wata farar saniya ana shirin sa ta a mota, kunnenta sak da zanenki. Na riƙe igiya. Amma mutumin ya rantse tasa ce, jama'a sun taru."

Na yi ihu sai da kaji suka watse. Kawu, da ya kwana biyu a gidanmu yana jira, ya fizge wayar.

"Nagoggo, ƙara murya. Kai wayar kusa da kanta."

Ya gyara tsayuwa a tsakar gidanmu, ya rufe ido, ya yi kiran da yake mata da yamma in zai ba ta dusa. Hayaniyar kasuwa ta lafa. Can sai muka ji ta amsa, doguwar amsa, ta sake, ta kuma sakewa.

Nagoggo ya ƙyalƙyale da dariya. "Malam Sada, zo ka ɗauki abarka. Mai rantsuwar ya zubar da hularsa ya ari ta kare."

Kawu ya zauna daɓas a ƙasa, wayar na manne da kuncinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Na'am, 'yar gida," yake ce mata. "Ga ni nan, ga ni nan."